Wardin Layin Ja

A gidanmu Bebe ake ce mini. Sunana Lisandro, amma tun da na bar makaranta ban cika jin sa ba. Ina iya magana. Kawai idan abu ya riga ya fito fili ban ga amfanin ƙara masa baki ba.

Na gama sakandare a Disamba. Na kai takarda wuraren matse inabi biyu da gidan man bakin titi, ba wanda ya kira ni. Sai na koma gona wurin Baba. Gonar ba tamu ba ce. Mai ita yana cikin birnin Mendoza, sau uku yake leƙowa a shekara. Baba ne ke riƙe da ita shekara talatin da ɗaya, tun da ya karɓa daga hannun Kaka, muna zaune a gidan da ke cikinta, in an yi girbi a ba shi kasonsa. Kowa Don Ceferino yake ce masa, Don ɗin na girmamawa ne. Tun rasuwar Mama mu uku ne: shi, ni, da Yaya Maricel, wadda ke yin maganar da ni da Baba muka ƙi yi.

Babbar abokiyar gabarmu toka ce. Fumfuna ce fara, kamar an barbaɗa gari a kan ganye. Idan ta sauka kan 'ya'yan inabi sai su tsage su ruɓe. Maganinta tun zamanin Kaka farar wuta ce. Ka goya zugazugi a baya da sassafe, ka bi layi kana busa garin. Ido ya yi ja, maƙogwaro ya yi ɗaci, warin ya kwana uku a riga.

Kaka ne kuma ya dasa furen wardi a farkon kowane layi. Wardi yana riga inabi kamuwa da kamar sati guda. Saboda haka Baba ba ya sauraron masu hasashen yanayi a rediyo. Kowace safiya yana bin kan layuka, hannu a baya, yana duba wardi. Ranar da ya ga fari a ganyensa, washegari gonar gaba ɗaya ta sha farar wuta.

A Satumba, da kurangar inabi ta fara toho, wata farar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Dakta Noelia Baigorria ce daga cibiyar binciken noma da ke gari. Ta zo da takarda mai sa hannun mai gona: ya ba ta layi goma sha biyu na can ƙasa, kusa da dogayen bishiyoyin shinge, don gwajin sabon magani. Ba wanda ya tambayi Baba.

Yaya ta zuba mate, shayin ganyen da muke zuƙa da bututun ƙarfe, a ƙoƙo ta miƙa mata, ta kawo burodin kitse. Dakta ta ajiye wata 'yar kwalba a kan tebur. Baba ya ɗaga ta ya haska da rana.

"Wannan ai ruwa ne, Dakta. Guba ce?"

"Ba guba ba ce, Don Ceferino. Ita tokar nan mai rai ce. Kamar kowane mai rai, akwai rubutu a jikinta da take karantawa ta san yadda za ta gina kanta. Mun kwafi jimla ɗaya daga rubutun muka zuba a nan. In ta sha, sai ta ɗauka baƙon abu ne ya shigo mata, ta yayyaga shi, ta haɗa da nata na asali ta yaga. Wannan jimlar ta yi shiru ke nan. Ba ta kuma iya girma."

"Wato rufe mata baki za ki yi."

"Kusan haka."

Yaya ta nuna ni da cokali. "Ai kuwa kin zo gidan da ya dace. Ga gwanin shiru nan a zaune, shi ba a ma fesa masa komai ba."

Dakta ta yi dariya, ta dube ni. Ta tambaye ni ko na iya ƙirga da rubutu ba tare da ƙiwa ba. Na ce eh. Ta ce tana neman wanda zai yi feshin kowane sati ya kuma rubuta abin da ya gani. Ta ce kowace shekara cibiyar tana ɗaukar mataimakin gona guda ɗaya, a koya masa aiki shekara biyu, ya fita da takardar shaida.

"In gwajin nan ya kai girbi lafiya, sunanka zan kai."

Na ajiye burodin da ke hannuna.

Muka sauka ƙasan gona da ƙyallaye kala uku. Layi huɗu ja: sabon magani. Huɗu rawaya: farar wuta kamar kullum. Huɗu shuɗi: ruwa zalla. Baba ya tsaya a gaban shuɗin farko.

"Ruwa zalla? In toka ta zo fa?"

"Su kamu. Da su za mu kwatanta."

"A bar kuranga da gangan ta kamu, ana kallo?"

"Mai gona ya amince."

"Mai gona bai san kuranga da igiyar shanya ba."

Ta roƙe shi abu ɗaya: kada kowa ya taɓa ja da shuɗi. Ya ce ya ji. Bai ce ya yarda ba.

Ruwan maganin ba ya son zafi, ba ya kuma daɗewa. Duk Asabar sai in hau motar ƙarfe shida zuwa gari, in karɓo kwalbar satin a cikin kula mai ƙanƙara, in dawo wajen goma. Da yamma, in rana ta yi sanyi, in yi feshi. Ina farawa daga wardin kan layi, tunda shi ne a gaba, in bi har ƙarshe. Litinin da Alhamis ƙirga: ganye ashirin a kowane layi, sama da ƙasa, da 'yar madubin ƙara girma da ta ba ni. In rubuta a littafi.

Zan faɗi gaskiya, aikin ya kwanta mini. Shi ne abu na farko da na yi wanda ba a buƙatar in buɗe baki. Ganye ba ya tambayar ka me ke damun ka. Na fara tunanin ɗakin gwajin da nake hangowa ta taga idan na je karɓar kwalba, da mutanen da ke ciki, kowa ya sunkuya a kan abin gabansa. Har na san kujerar da nake so.

Maƙwabta sun ji labari. Idan na wuce da kula sai a ɗaga murya daga bakin lambatun ban-ruwa.

"Ga likitan inabi nan! Bebe, a ba mu kaɗan mu fesa wa surukai!"

Ba na juyawa.

Sati bakwai littafin ba komai sai sifili. Sannan a farkon Nuwamba aka yi kwana huɗu da hadari ba ruwa, iska ta yi nauyi. Ranar Alhamis na ga fari a wardin layin ja na uku. Na duba ganyen inabin layin, ashirin ɗin, na ƙara ashirin. Ba komai. Amma wardin ya kamu, wardin da nake jiƙawa da maganin kowace Asabar. Na ɗauki hoto na tura wa Dakta. Ba a yi minti biyar ba ta kira.

"Madalla! Albishirinka, Lisandro."

"Wardin ya kamu."

"Dole ya kamu. Tokar wardi daban, ta inabi daban, ido ne kawai ba ya raba su. Ruwan nan kamar wasiƙa ce mai adireshi. Sunan ta inabi ne a jiki. Ta wardi ko ta karɓa ba za ta iya karantawa ba. Zai yi fari fat, kada ka damu. Abin da yake gaya mana shi ne lokaci ya yi. Yanzu ne gwajin zai fara: shuɗayen za su kamu, jajayen kuma mu gani. Sati uku masu zuwa su ne komai."

"To."

"Ka yi wa Baba bayani."

"To."

Na yi niyya. A hanyar komawa gida na shirya maganar, na gyara ta sau uku. Amma duk inda na ɓullo sai in ji muryarsa: wato kai da ka zo jiya za ka gaya mini abin da wardi ke nufi? Na ce bari sai gobe. Ai ya riga ya ce ya ji, ba zai taɓa ba.

Ranar Juma'a da yamma muna zaune a ƙarƙashin rumfa, ƙoƙon mate yana zagayawa. Baba ya zuƙe nasa har ya yi ƙara, ya miƙa wa Yaya.

"Wardin layin ja ya yi fari."

"Na gani."

"Kana fesa masa ruwan naku?"

"Kullum."

"Sati nawa?"

"Bakwai."

"Hm."

Ya jira. Na san jira yake. Maganar tana nan a bakina, da wasiƙar da adireshin da komai. Na dubi hannuwansa, duk sun tsattsage, na ji kamar in na faɗa raini ne. Na karɓi ƙoƙon na sa bututun ƙarfen a bakina.

"Kai, wannan hira ta yi daɗi," in ji Yaya. "Ku rage saura gobe, kada ta ƙare."

Washegari na hau motar ƙarfe shida. Na karɓo kwalba. A hanyar dawowa har na sayi biro sabo.

Tun daga gadar lambatu na ji warin. Ban damu ba, na san ranar farar wuta ce, wardi ya yi magana. Sai da na zagayo bayan rumbun kayan aiki na hangi ƙasan gona. Ganyen ya yi ɗorawa-ɗorawa tun daga layin farko har na sha biyu. Ƙyallayen ja da shuɗi ma sun sha gari.

Baba yana bakin layi yana sauke zugazugi. Ya janye hankicin da ya ɗaure a hanci. Idanunsa jajur.

"Baba."

"Na'am."

"An ce kada a taɓa."

"An ce. Sati bakwai kana wanke wardin nan da ruwan, ga shi kamar an tsoma shi a buhun fulawa. Maganin da bai tsare wardi ba shi zai tsare inabi? Na tambaye ka jiya, ka ce ka gani. Kai ma ka gani. To me ake jira?"

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Kular tana hannuna, ƙanƙarar tana narkewa tana ɗiga a kan takalmina. Abin da ya zo mini a baki ya yi yawa, bai fita ba. Na juya na tafi.

Yaya ta same ni a bayan gida ina zaune a kan tsohuwar taya. Ta tsaya a kaina da tsumma a kafaɗa.

"Dakta sai Laraba za ta zo, ko?"

"Eh."

"To tashi ka ja tiyo ka wanke ganyen. Kafin Laraba warin ya tafi. Ka ci gaba da rubutunka. Jajayen za su fita lafiya, ba abin da take so ke nan ba?"

"Shuɗayen ma za su fita lafiya."

"Sai ka rubuta sun kamu mana. Wa zai bi ka yana ƙirga ganye? Kai, Bebe, sau ɗaya a rayuwarka shirun nan naka ya yi maka amfani."

Na yi tunanin abin. Ba zan ce ban yi ba. Har na je na tsaya a gaban tiyon. Na lissafa yadda zan sa lambobin su hau a hankali, biyu, biyar, tara, yadda ba za a gane ba. Sai na tuna yadda nake juya kowane ganye in duba bayansa, sati bakwai, ina rubuta sifili saboda sifilin na gani. Na fito da waya na rubuta: An sa farar wuta. Duka sha biyu.

Ba ta jira Laraba ba. Ƙarfe huɗu motarta ta shigo. Baba ya ce lokacin ban-ruwanmu ya yi, ya ɗauki shebur ya tafi bakin madatsa, alhali sai magariba za a sako mana.

Dakta ta bi layin ja na farko. Ta murza ganye, ta shinshina yatsunta. Ta shiga shuɗi ta yi haka. Ta dawo ta tsaya a gaban wardin.

"Saboda wannan ne?"

"Eh."

"Ka yi masa bayanin?"

Na dubi ƙasa.

"Lisandro. Ka yi masa?"

"A'a."

Ta cire hula ta share goshi. Na fi son da ta yi faɗa. Ba ta yi ba.

"Shekara biyu muka yi kafin mu samu ruwan nan ya zauna a ganye. Gona uku kawai aka ba ni bana. Yanzu biyu."

"In aka wanke fa? A sake farawa."

"Farar wutar ta riga ta yi aikinta. Duk abin da ya fita lafiya a nan, ba wanda zai iya cewa wane ne ya tsare shi. Kafin ta bar ganyen lokacin ya wuce. Sai wata shekarar, kuma ba a nan ba."

Ta karɓi littafin ta buɗe, ta yi ta juya shafuka. Ta daɗe.

"Littafinka ya fi na sauran biyun tsabta. Nesa ba kusa ba. Kuma ka gaya mini gaskiya, na san kana iya ɓoyewa." Ta rufe shi. "Amma aikin nan rabinsa ne feshi da ƙirga. Ɗaya rabin shi ne tsayawa a gaban mutum irin babanka ka yi ta magana har ya gane, ko ya kore ka. Ni ban san wardi yana da wannan girman a gidanku ba. Shi kuma bai san abin da na gaya maka ba. Kai kaɗai ka san duka biyun."

"Sunana fa?"

"Ba zan iya kai shi bana ba."

Ta ɗauki kular da littafin ta sa a mota. Yaya ta fito da ƙoƙon mate, Dakta ta ce na gode, wata rana. Motar ta juya ta fita.

"Ka kyauta," in ji Yaya. "Ka yi shiru inda ake magana, ka yi magana inda ake shiru. Wallahi a kai ka coci a yi maka addu'a."

Da safe na sami Baba a kan layuka, hannu a baya. Na tare shi a gaban wardin layin ja na uku. Na ce ya tsaya. Sannan na faɗa masa duka. Rubutun da ke jikin toka, wasiƙar, adireshin, cewa ta wardi da ta inabi ba ɗaya ba ce. Na ce wardin bai yi masa ƙarya ba, cewa ya yi lokacin toka ya yi, kuma gaskiya ne. Amma wardin bai taɓa cewa maganin ba ya aiki ba. Na ce na duba ganye arba'in a layin nan ranar Alhamis ban ga ko ɗigo ba. Na faɗi kujerar da nake so a ɗakin gwaji. Ban taɓa yin magana mai tsawon haka ba.

Bai katse ni ba. Da na gama ya tsinki ganyen wardi ɗaya, ya juya shi, ya tsinki na inabi ya haɗa su a tafin hannu. Na miƙa masa madubin, don Dakta ba ta karɓe shi ba. Ya duba. A na inabin ba abin gani sai garin da ya busa da kansa.

"Tun yaushe ka sani?"

"Alhamis."

"Kuma na tambaye ka Juma'a."

"Eh."

"Da ka faɗa."

"Da ka yarda?"

Ya juya madubin a hannunsa.

"Da ban yarda ba. Amma da na bar maka jajayen, tunda naka ne. Shuɗayen ne ba zan iya tsayawa ina kallo ba."

"In ba shuɗayen, jajayen ba su da amfani."

"To ka gani."

Ya mayar mini da madubin. Ya tambaya ko matar za ta dawo. Na ce a'a. Ya gyaɗa kai, ya dubi ƙyallen da ke ɗaure a jikin turke, ya ce in kwance su kafin su shiga ƙafar tarakta.

Na bi na kwance, goma sha biyu. Ƙullin ya yi tauri da rana, wasu sai da na sa haƙori, farar wuta ta shiga bakina. Na cusa su a aljihu.

Da na dawo ya riga ya cika zugazugin. Layukan sama na wajen titi ba su samu ba jiya, kuma iska ba ta tashi ba tukuna. Ya ɗaga mini shi, na juya baya na sa hannuwa a cikin maɗaurin. Ya ja ya ɗaure.

"Ka fara daga na ashirin," ya ce. "Ka rufe hanci."

Na fara daga na ashirin.